Ranar da Na Yi Murna da Saukar Jinin Kawu

Ni na sayo wa Kawu na'urar awon jini, ni kuma na naɗa kaina likitansa. Malamin makaranta ne ni, ban taɓa zama ajin kiwon lafiya ba, amma a gidanmu na Shagari duk takardar da ta fito daga asibiti hannuna take faɗowa. Tun ranar da aka ce Kawu yana da hawan jini na ware littafi guda irin na 'yan makaranta. Kullum bayan sallar asuba sai in ɗaura masa robar a damtse, in danna, in rubuta. Ƙwaya biyu aka ɗora shi a kai: lisinopril, da wata 'yar ƙarama da yake kira "hana barci", saboda yawan fita kama ruwa da take sa shi. Dokata ɗaya ce, kada a tsallake ko rana guda. Burina ma ɗaya ne, in ga lamba ta sauka.

A daminar 2021 amai da gudawa ta yi ɓarna a Arewa, Sakkwato kuma na cikin jihohin da ta taɓa sosai. A ƙasa baki ɗaya an lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Cikin watan Agusta Kawu ya dawo daga gonar gero baya ya riƙe. Ya aiki yaro kemis, aka haɗo masa ƙwayoyi cikin farar leda, har da diclofenac. Kwana huɗu yana sha safe da yamma bai gaya mini ba. Ba ɓoyewa ya yi ba. A wurinsa wannan ba ya cikin lissafin magani, abin warware gajiya ne kawai, kamar shayi.

Daren Talata ciki ya ɓaci. Kafin gari ya waye ya zaga bayan gida ya fi sau goma, ga amai. Da safe na auna, na ga 100 bisa 65. Ranar Alhamis na ga 85 bisa 55. Mutumin da muka sha fama kafin mu raba shi da 160, yau ga shi ƙasa da 90. Har yau ina jin nauyin abin da na faɗa.

"Kawu, alhamdu lillahi, ko ba komai jinin ya sauka."

Ya ɗago ido da ƙyar, idon ya faɗa ciki. "To, madalla. Ba ni ruwa, yaron ga."

Na ba shi ruwa, na kuma ɓare ƙwayoyinsa biyu na sa masa a tafin hannu, don kada a karya doka. Da la'asar ya miƙe zai yi alwala, jiri ya kwashe shi, ya zube a gindin randa.

A asibitin garin, ma'aikacin da ya karɓe mu ya tsunkuli fatar cikin Kawu ya saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsohon buzu. Ya rataya ledar ƙarin ruwa, sannan ya juyo ya yi mana tambayar da ta ɗaure bakin kowa.

"Yaushe rabon Baba da fitsari?"

Na dubi Inna, matar Kawu, ta sunkuyar da kai. Ni da littafina mai cike da lambobi, har da sa'ar da aka auna kowace, ba ni da amsa. Wa zai tambayi kawunsa wannan? Gudawar ma ta rufe mana ido, tunda muna ganinsa da buta a kai a kai. Kawu ne da kansa ya amsa, murya can ƙasa: "Tun shekaranjiya ban yi bawalin kirki ba."

Aka kwana ana ƙara ruwa. Da safe abin da ya taru bai cika kofin shayi ba, launinsa kuma kamar jiƙon kanwa. Ma'aikacin ya rubuta mana takarda zuwa Sakkwato. Muka bi ta Boɗinga, muka wuce Sifawa, Kawu kwance a kujerar baya, ƙanena riƙe da ledar ruwa ta tagar mota. Gero ya yi kore shar hagu da dama, ko'ina ruwa kwance a kwatami, mu kuwa muna ɗauke da mutumin da jikinsa ya bushe.

Likitar da ta duba shi a Sakkwato matashiya ce, ba ta da yawan magana. Bayan an ɗebi jini an sa robar fitsari, sai ta ce a kawo mata duk abin da Baba yake sha. Na miƙa ƙwayoyi biyu da alfaharina. Ta ce, "Duka, Malam. Har da na kemis, har da jiƙo in akwai." Inna ta kwance bakin gyalenta ta fito da farar ledar. Likita ta zazzage, ta ware uku ta jera a kan tebur. Ta tambaye ni sana'ar Baba. Na ce noma, da rani kuma garkar albasa. Ta ce to abin zai yi mini sauƙin ganewa. Abin da ta faɗa mini a tsaye cikin minti goma shi ya sa na yi watanni ina bin littattafai, kuma shi ne zan mayar a nan gwargwadon fahimtata.

Ƙoda ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma su biyun nan suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa. A cikin kowace akwai 'yan mitsi-mitsin matatai wajen miliyan guda. A yini da kwana suna tace ruwa kimanin lita 180, jarka tara ke nan ta mai lita 20, su mayar da kusan duka cikin jini, su zubar da lita ɗaya da rabi ko biyu tare da dattin jiki. Tacewar nan ba ta yiwuwa sai da ƙarfin turi. In jini ya zo a raunane, matata ta tsaya. Saboda haka ƙoda ba ta zauna jiran abin da zuciya ta ga dama ba, tana da nata masu gadi a bakin kowace matata. Suna lura da ƙarfin jinin da ke shigowa da yawan gishirin da ke wucewa. Da sun ji abu ya ragu, sai su saki wani sinadari cikin jini, sunansa renin.

Renin ɗan aike ne, ba shi ke aikin ba. Yana tarar da wani sinadari da hanta ke zubawa cikin jini kullum, wanda ke yawo ba ya komai, sai ya datse shi. Guntun ya bi jini zuwa huhu, a can wani sinadarin ya ƙara datse shi. Abin da ya fito shi ake kira anjiyotensin na biyu, shi ne mai sanda. Yana matse jijiyoyin jini na duk jiki don turi ya ƙaru. Yana taɓa wata 'yar tsoka da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, ta saki aldosteron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri, ruwa kuma ya bi gishiri. Yana zuwa ƙwaƙwalwa ya tayar da ƙishirwa, ya sa a saki wani sinadarin da ke rage fitsari ya kuma sa shi kauri. Wato lokacin da Kawu ya ce mini "ba ni ruwa", saƙon ƙodarsa ne ya fito ta bakinsa.

Sauran aiki ɗaya, shi ne wanda likita ta kwatanta mini da garka. Duk wanda ya yi ban-ruwa ya san in inji ya yi sanyi, ruwa ya ƙi kai fangalin ƙarshe, sai ka ɗora babban yatsa a bakin tiyo, ruwan ya yi tsiri ya kai. Kowace matata a ƙoda tana da hanyar shiga da hanyar fita. Anjiyotensin yana matse hanyar fita, kamar yatsan nan, don ɗan jinin da ya samu shiga ya taru ya yi ƙarfin tacewa. A lokaci guda ƙoda tana haɗa wani sinadarin nata da ke buɗe hanyar shiga. Da dabarun nan biyu mutum ke tsallake zawo, da zubar jini, da yinin azumi cikin zafin Afrilu na ƙasar Sakkwato, ƙodarsa ba ta tsaya ba.

Sai likita ta ɗora yatsa a kan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Gudawa ta riga ta janye rijiya, ita kuma "hana barci" tana ƙara kwashe ɗan abin da ya rage. Diclofenac da danginsa irin su ibuprofen suna hana ƙoda haɗa sinadarin da ke buɗe hanyar shiga, wato an take tiyo daga baya. Lisinopril kuwa aikinsa ke nan ya hana a ƙera anjiyotensin na biyu, wato an ɗauke yatsa daga bakin tiyo. Ba ruwa a rijiya, an take tiyo, an ɗauke yatsa. Ta ce, "Da me kake so ta yi aiki, Malam?"

Ban ce komai ba. Biyu daga cikin ukun nan ni na ɓare su da hannuna.

Kwana biyu muna zaune muna kallon jakar roba da ke rataye a gefen gado. An dakatar da ƙwayoyin duka, ana ta ƙarin ruwa, ana auna abin da ya shiga da abin da ya fita, ana ɗibar jini ana duba dattin da ya taru da kuma fotasiyam, wanda in ya yi yawa yake iya tsayar da zuciya. An gaya mana in ba a ga canji ba sai wankin ƙoda. A daren na biyu Inna ta taɓa ni ta nuna jakar da haɓa. Ɗigo yana bin ɗigo. Kafin asuba ta kai rabi, launin ya fara washewa. Matar da ta kasa ɗaga kai ranar da aka yi tambaya, ita ce ta tare ma'aikaciyar jinya a bakin ƙofa tana cewa, "Ɗiyata, zo ki gani, ya taho!" Ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan fitsarin dattijo ba.

Darasin da ya fara zauna mini shi ne lamba ba ta da ma'ana ita kaɗai. Na ɗauka hawan jini maƙiyi ne, duk abin da ya sauke shi masoyi. Ashe ƙarfin jini kamar ruwan madatsar Shagari ne: in ya yi yawa ya ci gona, in ya ja baya garka ta mutu. 85 bisa 55 a jikin dattijon da ke zawo, bakinsa a bushe, yana ganin jiri in ya miƙe, ba sauƙi ba ne, ƙararrawa ce. Na'urar ta faɗi gaskiya. Mai karatun ne ya karanta abin da yake so ya gani.

Na biyu, dokar "kada a tsallake" tana da ranar da ba ta aiki, kuma ba ni ke da ikon yanke ranar ba. Lisinopril ba mugun magani ba ne. A ranakun lafiya yana sauke jini, yana kuma kare ƙodar masu ciwon sukari da masu zubar da sinadarin gina jiki a fitsari, daidai saboda yana rage matsin da ke gajiyar da matata. Amfaninsa da haɗarinsa abu guda ne, yanayin jiki ne ke bambanta su. Abin da ya kamata in yi tun ranar da aka rubuta shi, in tambayi likita: in amai da gudawa ta zo, ko zazzaɓi ya hana ci da sha, me za mu yi da ƙwayoyin nan? Likitoci da yawa kan ce a dakata da irinsu na ɗan lokaci har a koma ci da sha, amma wannan magana ce da za a ji daga bakin wanda ya san majinyacin. Wanda ya ji labarina ya je ya watsar da maganinsa, garin neman gira zai rasa ido, domin shanyewar ɓarin jiki na nan tana jira.

Na uku ya shafi farar leda. A garuruwanmu maganin ciwon jiki ya zama abokin fartanya. Manomi, ɗan kabu-kabu, mai dakon kaya ranar kasuwa, kowa da haɗinsa, a sha da rana tsaka gumi na zuba, ba a tambayi sunan ko ɗaya ba. Ga matashi mai lafiya da ya sha ruwa ya ƙoshi, sau da yawa ƙoda na shanyewa. Ga dattijo, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, ko duk wanda jikinsa ya bushe, ƙwayar da ta saki baya tana iya kama ƙoda. Yanzu duk wanda zan raka asibiti, sai na ce a tattaro komai a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Likita ba ta duba, abin da aka nuna mata shi take gani.

Da na shiga karatu sai na tarar labarin yana da ɗaya fuskar, wadda ta fi shafar yawancin mutane. A 1898, a birnin Stockholm, Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka tatsi ruwan ƙodar zomo suka yi wa wani zomon allura, jininsa ya hau. Su suka raɗa wa abin suna renin. Duniya ta yi biris da maganar fiye da shekara talatin. A 1934 Harry Goldblatt, a Cleveland ta Amurka, ya sa ɗan maƙali ya rage faɗin jijiyar da ke kai jini ƙodar karnuka. Jinin karnukan ya hau, ya kuma zauna a sama. Jini bai ragu a jikinsu ba ko kaɗan, ƙodar ce kawai ba ta samun rabonta, ita kuwa abin da ya iso ƙofarta kaɗai ta sani. Kamar mai garkar da ke ƙarshen magudana ne, wanda ciyawa ta toshe masa hanya, ya yi ta ihun a ƙaro ruwa, ana ƙarowa, garkunan maƙwabta na nutsewa. Haka take faruwa ga mutum in jijiyar ƙoda ta tsuke, ko ciwo ya cinye wani sashe nata: ta yi ta kiran a ƙara turi, turin ya yi ta lalata matatai, lalacewar ta ƙara hawan jini. Shi ya sa mai hawan jini ke bukatar gwajin ƙoda da na fitsari lokaci-lokaci ko ba ya jin komai, domin ƙoda kan yi nisa da lalacewa kafin ta yi ƙorafi. Ita ce ma ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini in iska ta yi mata ƙaranci, ita ke kuma kammala gyaran bitamin D don ƙashi. Masu tsohon ciwon ƙoda shi ya sa suke fari fat, ƙashi na ciwo.

Abin da ya fi ba Kawu dariya shi ne asalin maganinsa. A 1965 wani masani ɗan Brazil, Sérgio Ferreira, ya gano wani abu a dafin wani maciji na ƙasarsu, dangin kububuwa, mai faɗar da jinin wanda ya sara. Daga nan aka bi sawu har aka ƙera captopril a 1975, shi ne yayan su lisinopril. Kawu ya ce, "Ashe shekara ukku dahin maciji kaka ba ni, kana rubutawa!"

Da aka sallame mu an canza masa magani zuwa amlodipine, aka ce sauran sai an ga yadda ƙodar ta murmure. Nan ma akwai abin sani. Baƙar fata da yawa masu hawan jini renin ɗinsu ba shi da yawa, jikinsu riƙe gishiri yake yi, don haka irin su lisinopril su kaɗai ba su cika sauke musu jini sosai ba. Wani bincike da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, kan mutum fiye da 700, wanda aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. Wannan ya mayar da ni kan tukunyar Inna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokali guda, mu kuwa ga gishiri, ga dunƙulen magi, ga kanwa, ga yaji mai gishiri a gefe. Abin mamaki, gishirin da muke rage wa Kawu a ranakun lafiya shi ne zai taimake shi a daren Talatar nan: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta kurɓa ana kan hanyar asibiti. Na san wannan haɗin, na ma koyar da shi a aji. A raina na yara ne.

Darasin da ya fi yi mini wuya ba na magani ba ne. Kunya ado ce a gidajenmu, ba na kuma fatan ranar da za ta ƙare. Amma kwana biyu ƙodar Kawu tana faɗa mana halin da take ciki da harshe ɗaya tilo da take da shi, mu kuma tarbiyya ta hana mu saurara. Fitsarin da ya ragu, ko ya yi duhu, ko ya ɗauke yini guda ga mai zawo, ya fi duk lambar da ke littafina faɗar gaskiya, ba ya kuma bukatar batir. Akwai hanyar tambaya da ba ta zubar da girman kowa. In baki ya yi nauyi, a sa jika ya tambaya, tunda tsakanin jika da kaka ba shamaki.

Kawu ya koma garkarsa a ranin da ya biyo. Kafin azumi ya je ya ga likita, aka duba jininsa, aka tsara masa lokutan shan magani. Littafina yana nan, sai dai na ƙara masa layi ɗaya a gefen lambobi. Ran nan na same shi da hantsi yana ban-ruwa, inji na tari, ruwa na fita a kasalance. Na tsuguna na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi baya, sai na tsaya ina 'yan kame-kame.

Bai ko dube ni ba. Ya ɗora babban yatsa a bakin tiyo, ruwa ya yi tsiri ya faɗa fangalin ƙarshe.

"Sau ukku tun asuba," in ji shi, "kuma fari tas. Rubuta."